Bangon da Yaya Ta Ɗaure wa Tilo

Shekara goma sha ɗaya muna haɗa bangon fure ni da Yaya, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa jin wani ya tsaya gaban aikinmu ya ce sannu Auta ba. Yaya ake yi wa sannu. Ni nawa hawa tsani ne da ƙonewar yatsa. Ba ƙorafi nake yi ba. Ko kuwa dai ƙorafin ne, tunda an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In ba ku san bangon fure ba, shi ne wannan da ake kafawa a zauren liyafa bayan kujerar masu biki, kowa ya zo ya tsaya gabansa ya karkace baki a ɗauke shi hoto. Namu falle shida ne na katako, kowanne an ɗame shi da ragar waya. Marigayi mijin Yaya ne ya ƙera mana su, kafinta ne, kuma har yau ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Furannin na yadi ne. Wasu mu sayo, wasu mu yanka da almakashi mu naɗe da bindigar gam. Kowane fure da 'yar waya a gindinsa, a zura ta cikin raga a murɗe ta baya. Bango ɗaya yakan ci fure dubu da 'yan kai, in an gama biki mu kwance su, mu kakkaɓe, mu mayar da kowane launi buhunsa.

Shagonmu ɗaki ɗaya ne dogo, a bayan wani mai gyaran firij. Yaya takan ja kujera taku bakwai daga bangon, ta zauna da buhuna a gefenta. Ta zaro fure ta miƙo mini, ta ce, "Sama da wancan. Hagu kaɗan. Ke, hagunki nake nufi, ba na maƙwabta ba." Ni kuwa ina kan tsani da filaya a baki. Wanda ke kan tsani ba ya ganin bango, furen da ke gaban hancinsa kawai yake gani, shi ya sa dole a samu mai zama daga nesa. Ita ce ido, ni ce hannu. In na ce a auna da tef sai ta harare ni ta ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Gaskiyarta kuma. Yaya kan jera ruwan hoda ya narke cikin fari har ka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Bara ne, muna haɗa bangon wata shugabar makaranta da za a yi wa liyafar ajiye aiki, Yaya ta miƙo mini fure ta ce, "Ga ruwan hoda."

Na duba. "Yaya, wannan ai ruwan madara ne."

Ta karɓa ta kai shi dab da fuskarta, ta juya shi. "Ƙwan fitilar nan ne ya tsufa. Tun yaushe nake cewa ki canza shi?"

Ba ta taɓa cewa ba, amma na canza. Washegari ta ba ni ruwan toka a matsayin shuɗi.

'Yarta ce ta kai ta asibiti. Ita kaɗai Allah Ya ba ta, shi ya sa muke ce mata Tilo, kuma ni ma da ban haifa ba ita ce tawa. Da suka dawo Yaya ta ce likita ya ce ta rage shan zaƙi, shi ke nan, ta wuce ta zauna a kujerarta. Tilo ta ja ni bakin ƙofa, inda ƙarar injin mai firij za ta rufe maganarmu.

"Anti, ciwon sigan ne ya taɓa idon. Ya ce wanda ya tafi ya tafi, saura sai dai a yi ta lallaɓa shi."

"Ta ji da kunnenta?"

"A gabanta ya faɗa. Cewa ta yi yaron bai san aikinsa ba."

Na so in yi wa Yaya magana, wallahi na so. Amma na ga yadda ta koma bayan rasuwar mijinta, wata huɗu ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, aikin nan ne ya tashe ta ya sa ta sake ɗaura ɗankwali da kyau. In na ce mata idonta ya daina, me na bar mata? Sai na ja bakina na yi shiru, na koyi wata dabara. In ta miƙo fure ta ce ga inda za shi, sai in ce to. In ga launin ba shi ba ne, in zura shi aljihun rigar aiki in zaro wanda ya dace. Kowane minti goma in sauko da sunan ɗauko waya, in saci kallon bangon daga bayan kujerarta, in koma in gyara. Ita kuma ta kanne ido ta ce, "Yauwa, yanzu ya zauna."

Wata goma muka yi a haka. Bango ashirin da wani abu. Masu biki suna ta sa wa hannun Yaya albarka, ni ina gefe ina naɗe igiyar wuta. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, tun ina yi da fargaba har na fara jin daɗi. Na saba. Na kai inda ba na ma sauraron abin da take faɗa, bakina na cewa to, hannuna na yin abin da ya ga dama.

Sai aka sa ranar auren Tilo.

Saura mako guda Yaya ta karɓe makullin shago daga hannuna. "Wannan bangon ni zan ɗaure shi. Da hannuna, tun daga na farko har na ƙarshe."

"Ke za ki hau tsani? Da wannan gwiwar?"

"Zan kwantar da fallayen a kan tebur. Ke je ki ji da kujeru da masu abinci, kin fi ni iya faɗa."

"To wa zai duba miki daga nesa?"

"Auta, kafin ki iya ɗaura zani nake haɗa launi. Tafi."

Na tafi, raina a ɓace. Kwana biyar tana shiga shagon da sassafe ta kulle kanta, sai la'asar ta fito da yatsu duk tabon gam. Na ƙwanƙwasa sau biyu da sunan na kawo mata abinci, ta karɓa ta ƙofa ta mayar ta rufe. A rana ta biyar ta kira ni in nemo mota. Na tarar ta lulluɓe kowane falle da tsohon zanin gado, ta ɗaure da igiya tam.

"Kada a buɗe sai an kafa. In kun kafa ki mayar da zanin ki rufe. Ni zan zo da Tilo kafin baƙi, ina so ta fara gani."

Ranar liyafa ƙarfe takwas na safe ina zauren. Masu mota suka taya ni tayar da fallayen muka haɗa su da ƙusoshinsu, suka tafi. Babu kowa sai mai shara, wata dattijuwa da ke goge ƙasa can wajen ƙofa. Na kwance igiya, na yaye zannuwan, na ja da baya.

Fari da madara sun cakuɗe babu tsari, ruwan hoda ya taru a kusurwa ɗaya ya bar ɗayar fayau. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna wasu furanni ne da ta warwatsa a tsakiya, daidai inda kan amarya da ango zai kasance a hoto. Koɗaɗɗu, ƙanana, wani shuɗi-shuɗi, wani ruwan ƙasa, wani rawaya da ya sha wanki har ya gaji. A shago muna da buhun tsummoki da muke goge bakin bindigar gam da su. Nan take na ce shi ke nan, Yaya ta laluba buhun tsumma ta ɗauka sabon yadi ne, ta zauna ta ɓata kwana biyar tana naɗe shara.

Na tuna dangin ango, musamman wata yayarsa mai kallon mutum tun daga takalmi. Na tuna hoton nan zai rataya a falon Tilo har jikokinta. In aka ce za a yi dariya, to ba Yayata za a yi wa ba, ba kuma a bikin 'yarta ba. Waya tana cikin jakata. Kiran minti ɗaya ne. Ko a raina ban kawo in kira ta ba, wata goma ke nan rabon da in tambaye ta wani abu.

Na zaro filaya na hau kujera. Ban tsaya murɗe waya ba, datsewa na riƙa yi, ƙat, ƙat, suna zuba ƙasa. Arba'in da ɗaya na ƙirga. Na cike gurabensu da fararen da nake ajiyewa a jaka saboda tsaro, na ɗebo ruwan hoda daga inda ya cunkushe na raba shi. Awa biyu da rabi ina yi, gumi har cikin ido. Mai shara ta zo da tsintsiya da abin kwasa ta tsaya.

"'Yata, waɗannan na zubarwa ne?"

"Kwashe su duka, Baba, kada ki bar ko ɗaya."

Da na sauko na ja baya, bangon ya yi kyau. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi kyau ƙwarai, har na ji wani sanyi a raina. Na mayar da zannuwan na rufe, na je gida na yi wanka na sa kayan biki.

Ƙarfe ɗaya suka iso, saura awa guda baƙi su fara zuwa. Tilo cikin farar riga, an yi mata kwalliya har na kusa kasa gane ta, tana riƙe da hannun uwarta. Yaya ta sha sabon leshi, fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka tun mijinta na da rai.

"Auta, yaye mana."

Na yaye. Tilo ta rufe baki da hannu. "Mama! Kai, Mama, wannan ai ya fi duk wanda kuka taɓa yi."

"Tsaya tukuna, ba ki ga komai ba. Kawo hannunki."

Ta ja ta har jikin bangon. Ta dafa gefen falle na uku, ta ƙirga ramukan raga da yatsa tana motsa baki, ta gangaro, ta tsaya a kan wani fure. Ta murza shi. Ta sake komawa gefe ta ƙirgo daga farko. Ta murza na kusa da shi, da na sama, da na ƙasa. Sannan ta saki hannun Tilo ta sa hannu biyu tana shafa tsakiyar bangon, da sauri da sauri, kamar mai neman makulli a cikin jaka.

"Mama, mene ne?"

"A nan na sa rigar babanki," in ji Yaya, ba da ƙarfi ba. "Ta aiki, mai ruwan ƙasa. Bakwai na fitar daga jikinta. Nan kuma rigarki ta firamare. Zanin da aka naɗo ki a ciki daga asibiti yana sama kaɗan, inda kanki zai kai in kin zauna. Da labulen ɗakinmu na farko." Ta juyo, ba ta dubi inda nake daidai ba, ta ɗan kauce hagu. "Auta, ina suke?"

Rigar nan na san ta. Sau nawa na ga mutumin nan a cikinta yana ƙera mana fallayen da nake tsaye a gabansu? Na riƙe ta a hannuna da safen nan har sau bakwai, ban gane ta ba, don ban duba ba.

"Na ɗauka tsummokin gam ne," na ce. "Na ɗauka kuskure kika yi."

Tilo ta ce, "Anti," idonta ya kawo ruwa.

Yaya ta laluba fuskar 'yarta ta dafa kumatunta. "Kul. Kada ki ɓata kwalliyar nan, an sha wahala a kanta. Bango ya yi kyau, ke da bakinki kika faɗa. Je ki zauna."

Na fita da gudu, da dogon takalmi da komai. Na samu mai shara a bayan zaure tana wanke bokiti. Ta ce ta juye a babbar gangar shara, motar kwasa kuma ta zo tun sha biyu. Na leƙa gangar duk da haka. Wayam, sai ruwa-ruwa a ƙasa da ƙudaje. Na tsaya a wurin ina kuka da sabon leshi, dattijuwar tana ta ba ni haƙuri ba ta ma san me aka yi ba.

An yi biki, an ci an sha. Mutane suka yi layi gaban bangon suna karkace baki. Yayar angon nan da nake jin tsoronta ta ɗauki hoto ya fi goma. Mai hoto, wanda ya san mu shekara da shekaru, ya tsayar da Yaya kusa da amarya ya ce, "Hajjaju, hannunki ba ya tsufa."

"Ba nawa ba ne," in ji Yaya, tana murmushin hoto. "Na ƙanwata ne. Ita za ku yi wa sannu."

Ya juyo ya ce sannu Auta. Sannun da na shekara goma sha ɗaya ina jira ke nan, da ya zo kuma ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi.

Washegari da na je kwance bangon na tsinci biyu da suka gangara ƙarƙashin ƙafar katako, tsintsiya ba ta kai gare su ba. Ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan ƙasa. Na sa su a jaka. Kwana uku ina yawo da su, Yaya ba ta zo shago ba, ni kuma na kasa zuwa gidanta. A na huɗu da hantsi na daure na je.

Gidan ya yi faɗi da yawa babu Tilo. Na same ta a falo kusa da taga, ba rediyo, ba komai, hannuwanta a kan cinya. Na gaishe ta ta amsa lafiya lau, har da tambayar ko na karya. Na durƙusa na sa mata furannin a tafin hannu.

Ta murza na farko. "Aljihun rigar makaranta ne wannan. Ji inda na taɓa ɗinke shi, ta yage shi a lilo." Ta murza na biyu ta daɗe. "Wannan wuyan rigar ne." Ta rufe hannu a kansu.

"Yaya, ki yafe mini. In akwai sauran ƙyallen, ni zan zauna in naɗe wasu, mu kai mata gida."

"Babu saura. Rigar mutum ɗaya ce, ba bandir ba." Ta numfasa. "Tashi ki zauna a kujera, gwiwarki ba ta fi tawa ba."

Na zauna a bakin kujera.

"Kin ɗauka ban sani ba ko? Tun bangon shugabar makarantar nan na sani. Wata ta tare ni tana yaba farin da aka zagaye kusurwa da shi, ni kuwa ban ce a sa fari a kusurwa ba. Kuma ina jin saukarki daga tsani, kina zuwa bayana kina numfashi kamar wadda ta yi sata. Waya guda nawa mutum ke ɗaukowa a yini?"

"Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Ke me ya sa ba ki yi ba? Na ga kina rufa mini asiri, na ce bari in bar ki ki samu ladan. Ni ma kuma ina son zaman kujerar." Ta ɗan yi dariya, ba ta kai ciki ba. "Shi ya sa wannan na ce zan yi wanda ba ya bukatar ido. Wata uku ina yanka su a ɗakin nan. Na san ba za su yi kyau a hoto ba, Auta, ban haukace ba. So nake Tilo ta zauna babanta na bayanta."

Na ce, "Da kin faɗa mini."

"Da kin tambaye ni."

A waje wani yana ta buga hon, an tare masa hanya. Na ce mata akwai bangon masu yaye ɗalibai ranar Asabar, ta zo ko zama ne ta yi, ba na iya yi ni kaɗai. Ta ce na iya, na daɗe da iyawa, ita ta gama. Ba da fushi ta faɗa ba, da ma fushin ta yi da na samu abin riƙewa.

Na miƙe zan tafi ta kamo gefen mayafina.

"Tsaya. Abu ɗaya nake so. Ni ban gan shi ba, hannuna kawai ya san shi. Tilo ba ta gan shi ba. Duk duniya ke kaɗai kika ga bangon nan yadda na ɗaure shi. Zauna ki faɗa mini yadda yake. Rigar baban ta zauna kusa da zanin? Shuɗin bai yi yawa ta dama ba?"

Ta ɗago fuska tana jira, har da gyara zama.

Na rufe ido na nemo bangon. Na ga inda ruwan hoda ya cunkushe. Na ga gurabe arba'in da ɗaya da yadda zan cike su. Na ji ƙarar filaya. Amma wane fure ke kusa da wane, me ta jera, me ta nufa, babu ko ɗaya a kaina. Zan iya ƙirƙiro mata, na iya, wata goma ina yi. Da na ce mata ya yi kyau, rigar ta zauna daidai, za ta karɓa ta riƙe har ƙarshen ranta.

"Yaya," na ce, "ban kalle shi ba. Kuskure na je nema."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta saki mayafina.

"To," ta ce. "Ja mini ƙofar in kin fita."